Shekara Arba'in da Ɗaya Marlys Tana Faɗa, Ba Mu Ji Ba

Ƙarfe shida saura kwata na safe Marlys Dubchak take buɗe ƙaramar ƙofar garejinta da ke bayan rumbun alkama na garinmu Halbrook. Murhun itacen da ke lungu take fara hurawa, ta ɗora butar kofi, ta ɗauko batir biyun da suka kwana a caji ta jera su a bakin ƙofa, sannan ta leƙa ma'aunin sanyin da ke manne a taga. In ya nuna ashirin ƙasa da sifiri, a zaune take shan kofinta. In ya haura talatin da biyar kuwa, ko kofin ba ta ɗaurayewa, don ta san kafin ruwa ya tafasa waya za ta fara ƙara.

Duk wanda ya taɓa kiranta da sassafen Janairu ya san ba a gaisuwa. Kana cewa "Marlys, ina kwana," za ta katse ka: "Kai wayar kusa da inji, ka murɗa makulli." Sai ta runtse ido ta saurara. In kik na juyawa da ƙyar kamar tsoho zai tashi daga kujera, batir ne ya yi sanyi, ko baƙin mai ya yi kauri. In yana juyawa garau amma farin hayaki ne kawai ke fita ta salansa, fulogin hita sun mutu, waɗannan 'yan ƙarafan da ke ɗumama cikin injin dizal kafin ya kama. In kuwa motar ta tashi lafiya, ta yi 'yar tafiya ta fara tari ta mutu, to mai ne ya yi kakide ya toshe filta. Kafin mai mota ya gama kame-kamensa ta riga ta san abin da za ta jefa a bayan janwenta.

Ita ce wadda nake so mu jinjina wa yau, don ƙarshen Maris ɗin nan za ta rufe garejin bayan shekara arba'in da ɗaya. Kuma tun da wuri in faɗa, ba da sanyin rai nake wannan rubutu ba. Haushi nake ji, haushin garin nan, har da na kaina.

Ni shekara talatin na yi ina koyarwa a makarantar garin, don haka "Malam" take kirana, amma da irin muryar da ake kiran wanda ya faɗi jarrabawa. Wata safiya na kira ta a fusace, mota ta ƙi tashi, ga shi ina da taro.

"Malam, ka jira 'yar fitilar hitar ta mutu kafin ka murɗa?"

"Na jira mana."

"Ka ƙirga nawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Shekara talatin kana ce wa 'ya'yan mutane su zauna su jira ƙararrawa, kai daƙiƙa ashirin ta gagare ka. Mayar da makullin baya. Kunna, ka jira ta mutu. Sake, sau uku. In ka taɓa min kik kafin nan ina jin ka daga nan."

A karo na uku motar ta tashi. Na buɗe baki zan yi godiya na ji ta riga ta ajiye waya.

A wasu garuruwan lardinmu na Manitoba irin motocinmu sai a bola. Mu kuwa har yanzu akwai sama da talatin a gari da gonakin kewaye, tsofaffin motocin dizal masu shekara talatin da arba'in, waɗanda tsatsa ta cinye ƙofofinsu amma injin ya ƙi mutuwa. Mahaifinta, marigayi Nestor, shi ya fara jawo manoma gare su, don kowace gona akwai tankin dizal na tarakta a tsakar gida. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, Marlys na da shekara ashirin da shida, ta ɗauki sifanunsa ta ci gaba. A hunturunta na farko mazan garin kan tsaya a ƙofa su ce, "Babanki fa?" Ta kan ce, "Yana kwance. Motarka ma haka. Wanne kake so in duba?"

Abin da ya fi ci mata rai, kuma ya kamata ya ci mana, shi ne kusan duk wahalar da take sha a Janairu an yi mana gargaɗinta tun Oktoba. Da zarar an gama girbi za ta rubuta takarda da hannunta ta manna a gidan waya da ƙofar kanti. A zo a sauya baƙin mai a sa mara kauri. A gwada batir, don wanda ya tada mota a Satumba ba lalle ya tada ta a Janairu ba. A duba igiyar hitar inji da ke leƙowa ta gaban mota, kada a yi ta jona ta da wuta alhali ta tsinke a ciki. A ƙarar da man rani, a zuba na hunturu wanda ba ya daskarewa, kuma kada a bar tanki rabi ruwa ya taru a ciki. A ƙasan takardar, da manyan baƙaƙe: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA.

Mu kuma mu karanta mu gyaɗa kai mu ce sai mako mai zuwa. Makon nan mai zuwa bai taɓa zuwa Halbrook ba.

A cikin garejin akwai wata kanta da ta jera gwangwanaye sama da sittin, kowanne da sunan mai shi a rubuce. Feshin tada inji ne, wanda mutane ke fesawa a maƙogaron mota in ta ƙi tashi. A injin da ke da fulogin hita, feshin nan kan kama da wuta tun lokacinsa bai yi ba, ya fasa abin da ya fasa. Duk inda ta gan shi ƙwacewa take yi. Gwangwani tara a ciki na mutum ɗaya ne, Rollie Desjarlais mai kiwon shanu, mutumin kirki amma gwanin dabarar da ba a tambaye shi ba. Shi ne wata rana ya cika faranti da garwashi ya tura ƙarƙashin motarsa don ya ɗumama baƙin mai, ya koma ɗaki cin ƙwai. Maƙwabta ne suka kashe wutar da shebur da dusar ƙanƙara. Da Marlys ta iso ta daɗe tana kallon baƙin gaban motar.

"Rollie, gasa ta za ka yi ko tada ta?"

"Kakana haka yake yi, Marlys."

"Kakanka a tsaye yake a kanta da bokitin yashi. Kai kana ciki kana lasar faranti."

"To yanzu za ta gyaru?"

"Ita za ta gyaru. Kai ne ban da tabbas."

Kwana huɗu ta yi tana sauya wayoyin da suka ƙone, ɗaya bayan ɗaya, tana mita ita kaɗai. Motar tana nan, jiya ma na ga Rollie a cikinta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne shekara tara da suka wuce, kuma daga bakin Verna Sawatsky na ji shi, don a gaban idonta aka yi.

Mijin Verna, Elmer, manomi ne mai ciwon ƙoda, sau uku a mako ake kai shi asibitin birnin Brandon wankin jini. A Janairun nan guguwar dusar ƙanƙara ta rufe hanya kwana biyu, wankin Litinin ya wuce shi. Kafin Laraba ƙafafunsa sun kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. An ba shi ƙarfe goma sha ɗaya na ranar. Motar asibiti ɗaya ce a yankinmu, kuma ta tafi wani haɗari can arewa. Verna ta sa shi a mota ta kama hanya, sanyi arba'in da ɗaya ƙasa da sifiri, ga iska. Motar ta tashi ba gardama, don a rumfa ta kwana a jone da wuta. Kilomita talatin da barin gida, a fili fetal inda ba gida ba bishiya, ta yi tari biyu ta mutu.

Da Verna ta kira, tambaya ɗaya Marlys ta yi: "Daga ina aka zuba mai?"

Sai ga muryar Elmer daga gefe, a shaƙe: "Ki ce mata mai dai mai ne."

"Daga tankin gona ke nan," in ji Marlys. "Wanda aka cika a Agusta. Verna, saurare ni. Kada ki ƙara murɗa makulli, ki bar min batirin. Kada ki fita. Ki lulluɓe shi da duk abin da ke cikin motar, ki kunna kyandir in kina da shi. Ga ni nan. Ki kuma ce wa mijinki kada ya kuskura ya mutu kafin in zo, ina da magana da shi."

Ta loda filta biyu, da jarkar man hunturu, da tiyo, da tamfol, da murhun iskar gas mai hura zafi. Minti arba'in ta yi a hanya, janwen na sanye da sarƙa a tayoyi. Ta tarar gilasan motar sun yi fari daga ciki, leɓen Elmer ya fara yin shuɗi. Ita da Verna suka kama shi suka kai shi gaban janwe inda hita ke aiki.

Verna ta ce mata, "Mu tafi a taki kawai."

Marlys ta dubi agogo ta girgiza kai. Saura kilomita ɗari da goma, kuma janwe da sarƙa a ƙafa tafiyar kunkuru yake yi. A cikinsa sai bayan azahar za su isa, wani ya hau injin wankin, Elmer kuwa ba shi da jikin da zai ƙara jira. Motarsu ce kawai za ta kai su a kan lokaci, in ta tashi.

Ta ɗaga bonet, ta yafa tamfol ya rufe ta da injin, ta kunna murhun a ƙasa. Da ta kwance filta ta juya shi, ko ɗigo bai zubo ba, ya cushe da abu kamar man shanu. Sauya filta kaɗai ba zai yi ba, tunda duk man da ke tanki haka yake. Sai ta cire tiyon da ke jawo mai daga tanki da wanda ke mayar da shi, ta jona dogaye, ta zuro su ta taga zuwa cikin jarkar da ta ɗaure a ƙasan kujerar gaba. Saura fitar da iska daga layin mai, kuma 'yar notin da ake sassautawa ta yi ƙanƙanta ga safar hannunta. Ta gwada sau biyu tana zamewa. Sai ta cire safar dama da haƙori.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba bai san abin da man da ya kwana a irin wannan sanyi ke yi wa fata ba. Notin na sassautawa, ragowar man da ke layin ya kwararo mata a yatsu. Ba ta janye hannun ba, don in ta saki iska za ta koma, a sake daga farko. Ta ci gaba da buga famfon hannu da hagu har kumfa ta daina fita, ta ɗaure notin, ta jona batirin janwe, ta shiga ta ɗumama fulogi sau uku. Murɗawar farko, shiru. Ta biyu, tari. A ta uku injin ya yi girgiza kamar zai faɗo, ya yi amai da baƙin hayaki, ya kama.

Verna ta ce da suka mayar da Elmer mota ne ta ga hannun. Yatsu biyu sun yi fari fat kamar kyandir.

"Marlys, hannunki!"

"Hannuna ba shi ke da ƙarfe goma sha ɗaya ba. Kada ki kashe ta ko a ƙofar asibiti. Ki bar taga kaɗan saboda warin mai. Tafi!"

Ta cusa hannun a hammata, ta bi su a baya da hannu ɗaya a sitiyari har suka hau babban titin da aka share, sannan ta juya. Saura minti goma suka isa. Ita kuwa sai da ta tsaya ta tada motar malamar jinya mai zagayen gidaje kafin ta kai kanta ɗakin shan magani. An yanke kan ƙaramin yatsa da na kusa da shi.

Bayan mako uku Elmer ya shigo gareji da kwalbar zuma a hannu, hula a ƙirji, ya yi godiya har idonsa ya kawo ruwa. Marlys ta karɓi zumar ta ce ya wuce. Da ya tsaya nan da lafiya lau. Amma ya kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"Sai dai ni gani nake, da ba don iskar nan ba, da man ya kai mu."

Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin mai ciwon ƙoda ya fice da irin saurin nan ba. Da Oktoba ta kewayo, Marlys ta tuƙa har gonar, ta maƙala kwaɗo a bakin tankin, ta sa makullin a aljihu. Elmer ya fito yana kumfar baki, wai tankinsa ne, gonarsa ce, ubansa ya bar masa. Verna ta leƙo ta taga ta ce, "Ni na ba ta kwaɗon." Kowace shekara haka ake yi, sai Afrilu ake mayar masa da makulli. Elmer na nan da ransa, shekararsa tamanin da ɗaya, ya samu ƙoda daga ɗan ƙanwarsa, kuma har gobe yana gaya wa mutane cewa iska ce.

Marlys, ke ce uwar matattun injina, mai kunnen da ya fi na'ura. Ke ce kika kwanta a kan ƙanƙara ƙarƙashin motocinmu mu muna tsaye hannu a aljihu muna ba ki shawara. Kin zage mu, kuma mun cancanta. Amma ban taɓa jin wanda kika ce wa ba za ki zo ba, har waɗanda kika rantse a gaban jama'a ba za ki ƙara taɓa motarsu ba. Masu zuwa aiki sun je, marasa lafiya sun isa asibiti, gawa ma sau biyu kika tada motar da ta kai ta makwanci. Babu titin da aka sa wa sunanki, kuma na san da an sa, cewa za ki yi a fara cike ramukansa.

Yanzu shekararta sittin da bakwai. Sanyin ƙashi ya kama yatsun da suka rage, da safe sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su iya riƙe sifana. Ta nemi wanda zai karɓi garejin, ba ta samu ba. Garejin da ya fi kusa da mu tafiyar sa'a guda ce, kuma can in ba su ga inda za su jona kwamfuta a mota ba, kallonta suke yi kamar an kawo musu doki.

Ranar Lahadi, mako biyu da suka wuce, gari ya shirya mata walimar rana a zauren coci. Sai da Verna ta je da kanta sannan ta yarda ta zo, cikin wata koriyar riga da ba wanda ya san tana da ita. Aka ci naman talo-talo da naɗin kabeji, aka yi jawabai, Rollie ya tashi zai yi magana kuka ya hana shi. Sa'a huɗu muka yi a ciki, motoci na waje a sanyi talatin da uku ƙasa da sifiri, ba wanda ya tuna ya fita ya ɗumama tasa. Da aka tashi, shida suka ƙi tashi. Ɗaya tawa ce.

Muka tsaya cirko-cirko a filin ajiye motoci, kowa na kallon takalminsa. Marlys ta fito rungume da furannin da aka ba ta. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe.

"Ranar walimata," ta ce. "Ranar walimata, jama'a."

Ta miƙa wa fasto furannin, ta ɗora rigar aiki a kan koriyar rigar, ta ce a matso mata da janwe. Sai da rana ta kusa faɗuwa ta gama da ta shida.

Washegari ta manna sabuwar takarda a gidan waya. Duk Asabar da ta rage kafin ta rufe, daga tara na safe zuwa sha biyu, ƙofa a buɗe take ga duk mai son ya koyi gwada fulogi, sauya filta da fitar da iska daga layin mai. Kyauta, har da kofi. Kun san mutum nawa suka je Asabar ta farko, cikin garin da ya cika zaure ya yi mata tafi a tsaye? Biyu. Likitar dabbobi da matar fasto. Ni ma ban je ba, na ce sai ta gaba, kuma ina jin kunyar rubuta wannan.

Mun gode, Marlys, godiyar da ta yi latti kuma ta yi kaɗan. Allah ya ba ki hutu, ya sassauta miki ciwon hannu, ya sa ki ga Janairun da za ki kwana har rana ta fito.

Ku kuma 'yan garinmu, tafi ba ya gadon sana'a. Abin da matar nan ta tara a kai da yatsu shekara arba'in da ɗaya tana neman wanda za ta juye wa, ba ta neman allon yabo. Wanda ke son ya yi koyi da ita, ya fara da abu mai sauƙi: ya iya abu guda da kyau, ya kuma fita in maƙwabci ya kira. Asabar biyar suka rage. Ku sa tsofaffin kaya, ku zo da wuri, ku shirya shan faɗa. Ni zan riga ku zuwa. Bayan Maris, duk wanda ya buga lambar nan da sassafe, ƙararta kawai zai ji.